Daga Ƙaton Robo na Lego Zuwa Motar Kara: Wasan da Muke Kashewa da Hannunmu



Yau maganar wasan yara na kawo, kuma na san kafin in kai ƙarshe wani zai ce, "Malam, ana ga yaƙi kana ga ƙura. Ga tsadar hatsi, ga azuzuwan zana, ga samari na ta kwarara Libiya da Aljeriya, kai kuma wasa ne ya dame ka?" Ku yi haƙuri ku biyo ni sannu. Wannan wasan yana da hannu a cikin waɗancan manyan matsalolin, kuma yana cikin ƴan abubuwan da za mu iya gyarawa da kanmu, bana-bana, ba sai mun jira kowa ba.

A shekarar 2018 kamfanin Lego na ƙasar Danmak ya fito da wani kwalin kayan wasa mai suna Voltron. A ciki akwai ƴan bulo na roba guda 2,321, da littattafan da ke nuna yadda za a harhaɗa su mataki-mataki. Idan ka bi littattafan za ka gina zakuna biyar, kowane da launinsa. Sai ka naɗe zakunan ka haɗa su: biyu su zama ƙafafu, biyu su zama hannuwa, baƙin ya zama ƙirji da kai. Abin da zai tsaya gabanka shi ne ƙaton mutum-mutumin inji, wato robo, mai tsawon kusan santimita 40, irin wanda aka riƙa nunawa a wani fim ɗin zane na yara tun 1984. Ba ma'aikacin kamfanin ne ya fara ƙirƙiro shi ba. Wani mai sha'awar abin ne ya gina nasa a gida, ya sa hotonsa a dandalin Lego Ideas, mutum 10,000 suka mara masa baya, sannan kamfanin ya karɓa ya gyara ya fitar da shi kasuwa. Kuɗinsa a lokacin dalar Amurka 180 ne, kusan jika 100 na sefa. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar a hukumance jika 42 ne a wata. Kun ga kenan kwali ɗaya ya zarce albashin wata biyu.

Saboda haka kada wani ya ɗauka ina kiran iyaye su sayo wa ɗiyansu wannan kwali. Wanda ke neman tiya biyu ta hatsi don tuwon dare ba za a yi masa maganar Lego ba. Abin da nake so mu duba shi ne abin da yaro ke koya lokacin da yake gina irin wannan ƙato, sannan mu tambayi kanmu: ba mu da hanyar koyar da shi da abin da ke bayan gidanmu?

Namu Legon yana gona

Duk wanda ya tashi a Maijirgi ko Kanambakashe ko Urafan ya san abin da yara ke yi bayan kaka. Su samo kara, su feƙe ɓawonsa siri-siri, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su riƙa soka ɓawon cikin totuwa. Da haka ake yin mota har da ƙofa mai buɗewa, a yi tabarau, a yi jirgin sama, a yi rediyo da eriyarsa. Ku lura da kyau: ɓawo yana shiga totuwa ya kama, ana iya zare shi a sake soka shi wani wuri. Ba ƙusa, ba gam. Wannan fa shi ne ainihin dabarar Lego, sai dai namu Allah ne ya tsiro da shi kyauta.

Ga masu motar langa-langa, da ke yanka gwangwanin madara da na tumatir su lanƙwasa, su yanko tayu daga tsohon silifa, su ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari mai juya tayun gaba da gaske. Ga masu shanun laka da raƙuma. Ga ƴan mata da ke gina ƴan tukwane da murhu, ko su zauna gefen iyayensu mata a ƙauyukan Gulbin Kaba suna koyon saƙar tabarma da faifai. Saƙar nan lissafi ce tsagwaronta: ɗaga biyu, danne ɗaya, idan ka ɓata ƙirga a layi guda zanen duka ya karkace.

To me muke yi wa waɗannan yara? A gida a ce shiririta ce, ya tara mana shara, a tattake motar a aike shi ɗebo ruwa. A lakwal kuwa idan mushe ya ga motar gwangwani a jakar yaro, ƙwacewa zai yi, wani lokacin har da bulala. Yaron da hannunsa ya fi na kowa iya ƙira a aji, sau da yawa shi ne ake kira daƙiƙi, saboda bai iya haddace darasi da Faransancin da bai taɓa ji a gidansu ba. Shekara biyu, uku, ya bar makaranta. Shekara goma gaba ka same shi a tasha yana neman motar Agadas. Kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Idan muna ɓarar da masu basirar hannu a cikinsu haka, wa zai gyara mana famfo, wa zai haɗa mana injin ban-ruwa?

Darasi na farko: kamu ɗaya

Wanda ya kafa Lego kafinta ne a wani ƙaramin gari mai suna Billund, sunansa Ole Kirk Christiansen. A 1932 tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini ya tsaya, sai ya koma sassaƙa kayan wasa na katako don ya ci da iyalinsa. Sunan Lego ya samo shi ne daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin "yi wasa da kyau". A ranar 28 ga Janairun 1958 kamfanin, a hannun ɗansa Godtfred, ya yi rajistar bulon da aka sani yau: ƴan kawuna a sama, ƴan bututu a ƙasa, ɗaya ya hau ɗaya ya kama.

Sirrin abin yana cikin awo. Daga tsakiyar kai ɗaya zuwa na kusa da shi milimita 8 ne, a kowane bulo, a kowace ƙasa. Bulon da aka buga a 1958 yana kama wanda aka buga bana. Saboda wannan daidaito ne wani malamin lissafi na jami'ar Kopenhagen, Søren Eilers, ya ƙirga ya gano cewa bulo shida kacal, masu kawuna takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765. Kuma saboda shi ne mutum biyar za su iya zama a ɗakuna daban-daban, kowa ya gina zakinsa, a kawo a haɗa ya shiga cif.

Nan ne motar kara ta gaza, kuma nan ne mu manya ma muka gaza. Motar da Sani ya yi da wadda Ila ya yi duk suna da kyau, amma tayar wannan ba ta shiga ta wancan, don kowa da idonsa ya auna. Ku fita kasuwa ku gani ko ba haka muke ba. Tiyar wannan kasuwa daban da ta waccan, ta mai saye daban da ta mai sayarwa, kuma manomi ne ke kwana ciki. Mai buga bulo kowa da girman kwalinsa. Magini ya bar ramin taga yadda ya ga dama, sai mai walda ya zo ya auna ya ƙera ta musamman, don haka ba wanda zai iya ƙera taga ɗari ya ajiye ya sayar da araha. Amalanke idan wani ƙarfe ya karye, sai an koma wurin wanda ya haɗa ta ko a yi ta dabara. Maƙeranmu da masu waldarmu ba basira suka rasa ba, wallahi. Abin da ya hana aikinsu girma ya zama masana'anta shi ne rashin kamu ɗaya da kowa ya yarda da shi.

Ku dubi famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II da ke ƙauyuka da dama na Afirka. An tsara shi a Indiya a shekarun 1970 tare da UNICEF, kuma abin da ya sa ya bazu shi ne an tsayar da awon kowane ƙarfe nasa, kamfanoni daban-daban suna ƙerawa, na wannan yana shiga na wancan. Wannan tunani ba a jami'a ake fara koyonsa ba. Yaro ɗan shekara tara zai iya gane shi ranar da ƙafar da ya gina ta ƙi shiga gangar jikin da abokinsa ya gina, aka ce su je su nemo dalili.

Darasi na biyu: abu idan ya girma, nauyi ke fara kama shi

Akwai dalilin da ya sa na zaɓi ƙaton robo ban zaɓi ƙaramar mota ba. Ƙaramin abu yana yafe kuskure, babba ba ya yafewa. Idan ka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, nauyinsa sau 8 yake ninkuwa, amma kaurin ƙafar da ke ɗauke da shi sau 4 kawai. Idan ka ninka sau goma, nauyi ya ninku sau 1,000, ƙafa kuwa sau 100. Galileo na Italiya ya yi bayanin wannan tun 1638. Shi ya sa ƙafar giwa ba irin ta barewa ba ce. Shi ya sa ma Voltron ɗin can, duk da tsadarsa, kansa da hannuwansa suna motsi amma gwiwoyinsa a sandare suke. Manyan gine-ginen Lego da ake kafawa a wuraren shaƙatawa kuwa, waɗanda suka fi mutum tsawo, ƙarfe ake sa musu a ciki kamar ƙashi, a manne bulon da gam.

Maginanmu na gargajiya sun san wannan doka ko da ba su rubuta ta ba. Dubi katangar tubali: gindi da kauri, tana hawa tana sirancewa. Dubi rumbun laka yadda ake ɗora shi kan duwatsu a ba shi ciki zagaye don nauyin hatsi ya rarrabu. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jahar Tawa, da laka ya gina masallacin da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Yaron da ya gina mutum-mutumin kara mai tsawon kamu ɗaya ya tsaya, ya gina mai tsawon mutum ya rushe, ya sake ya ƙara wa ƙafafu kauri ya sa tokara a gicciye ya ga ya tsaya, wannan yaro ya fahimci abin da ɗalibin injiniya ke zana wa lissafi a allo. Ranar da aka kawo masa lissafin, ba baƙo ba ne a wurinsa.

Darasi na uku shi ne rushewar kanta. A ajinmu kuskure abin kunya ne, jan biro da dariyar ƴan aji. A wurin gini kuwa rushewa labari take ba ka: ga inda ƙarfi ya gaza. Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu da ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa yaro ya fi fahimta idan yana ƙera wani abu da zai iya nuna wa mutane, ya warware ya gyara. Sunan littafinsa na 1980, Mindstorms, shi Lego ya sa wa kayan haɗa robo masu ƴar kwamfuta da ya fitar a 1998. Mu kuwa binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 10, ya nuna fiye da 9 cikin 10 na ɗaliban CM2 a Nijar ba su kai matakin da ake buƙata ba a karatu da lissafi. Na 2019 ya nuna an ɗan motsa, amma har lokacin mafi yawa suna ƙasa. Haddar da muka dogara da ita shekara da shekaru ga inda ta kawo mu.

Masu ja da maganar

Na farko zai ce a gina aji tukuna. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya manta da ranar 8 ga Nuwamban 2021, da gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi ta ci ran yara aƙalla 25, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyayensu haƙuri. Neman azuzuwa masu inganci yana nan a kan gaba cikin abin da ƙungiyoyin farar hula ke matsa wa hukuma, kuma ba za mu sassauta ba. Amma yaron da ke CE2 bana ba zai tsaya da girma ba har sai an gama gina azuzuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da nake kira gare shi ba ya cin ko buhun siminti ɗaya daga kuɗin gini.

Na biyu zai ce mutum-mutumi ai sura ce, addini ya hana. Wannan magana ce da ta cancanci a saurare ta da girmamawa. Malamai da yawa sun keɓe kayan wasan yara daga hanin, suna kafa hujja da hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana da take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kuma ƙera na'ura mai motsi da kanta ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Ƴaƴan Musa bin Shakir su uku sun rubuta littafin dabarun na'urori a Bagadaza a ƙarni na 9, Al-Jazari kuma ya kammala nasa a 1206, cike da agogon ruwa da injinan ɗaga ruwa. Duk da haka, garin da malamansa ba su natsu ba, sai a gina ƙaton ba fuska, ko a gina ƙatuwar mota, ko injin ɗaga kaya. Darasin awo da na nauyi yana nan ko da kai ko ba kai.

Na uku zai ce kara ai yanzu kuɗi ne, abincin dabbobi ne, da shi ake darni, wani kuma a bar shi a gona ya kare ƙasa daga iska. Haka ne. Shi ya sa ba a ce a kwashe gona ba. Dami biyu ko uku sun ishi aji guda, sauran kayan kuwa gwangwani ne da waya da kwali da murfin kwalba da ƙodagon goriba, abin da ke zube a juji.

Na huɗu shi ne wanda zai ce mu jira wata ƙungiya ta kawo kayan robo na zamani. Idan sun zo muna maraba. Amma mun sha ganin yadda irin wannan ke ƙarewa: a yi biki, a ɗauki hoto, a kulle kwalin a kabad ɗin darakta don tsoron kada wani yanki ya ɓata a tambaye shi, bayan shekara biyu batir ya mutu. Kayan da malami ke tsoron yaro ya taɓa ba kayan koyo ba ne. Kara kuwa idan ya karye, a ɗauko wani.

Kada kuma wani ya ce irin wannan basira ba ta kai mutum ko'ina. Jelani Aliyu da ya tashi a Sakkwato shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. A nan gida, Abdu Maman Kane ya ƙirƙiro hanyar kunna ban-ruwa daga nesa da wayar salula, har ta ci masa babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14, bayan yunwa ta fitar da shi daga makaranta, ya haɗa injin iska mai ba da wuta da tarkacen keke. Waɗannan su ne ƴan kaɗan da suka tsallake. Tambayar ita ce nawa ne irinsu aka tattake wa mota a Korgom da Caake da Gidan Amumun, ba wanda ya ji labarinsu.

Abin da muke nema

Na ɗaya, awa biyu a mako, a kowace makarantar firamare da ta yarda, daga bayan kaka zuwa ƙarshen sanyi, a ware su don ƙira. A yi a fili, nesa da azuzuwan zana da duk wata wuta, babba yana tsaye a kan masu riƙe da wuƙa. Kwamitin CGDES na makaranta da ƙungiyar iyaye mata su za su tsayar da wannan tare da darakta, ba sai takarda ta zo daga Yamai ba.

Na biyu, a tsayar da kamu ɗaya. A ce kowane guntun kara santimita 10 ne, ko 20, ko 40, ba wani tsawo bayan waɗannan. Kafintan gari ya yanka ƴar sandar awo mai tsaga uku, kowace makaranta ta samu irinta. Abin da zai ci bai kai kuɗin shayin taro ɗaya ba.

Na uku, a gina ƙaton tare. Makarantu biyar su raba aiki kamar zakunan can: wannan ƙafar dama, waccan ta hagu, biyu hannuwa, ɗaya gangar jiki. Ba za su ga aikin juna ba, takardar awo kawai za su yi musaya. Ranar kasuwa a kawo sassan a amalanke a haɗa a gaban jama'a, a Mayahi ko a Tasawa. Idan ya shiga ya tsaya da ƙafafunsa, duka biyar sun ci. Idan ya ƙi, yaran da kansu za su auna su gano inda aka saɓa. A irin wannan gasa ba wanda ke ci shi kaɗai, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, takardar awon nan yara su rubuta ta da Hausa, da boko ko da ajami, da zane da lambobi, yadda yaron wani gari zai karanta ya gina ba tare da ya tambayi kowa ba. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ga wuri mai sauƙi da za a fara ganin amfanin hakan a aji. Kuma da ajami a ciki, almajiran makarantun allo ma suna da wurin shiga.

Na biyar, a shigo da masu sana'a. Maƙeri, mai walda, magini, mai gyaran salula, da gwanayen saƙar kaba, kowane ya zo sau ɗaya a wata ya nuna abu ɗaya: yadda ake ɗaurin da ba ya kwancewa, yadda ake sa tokara, yadda ake ciro ƙaramin mota daga mataccen rediyo a juya shi da ƙaramin pano. A ba su ɗan abin goro, a kira sunansu a gaban yara da girmamawa. Yaro ya ga cewa mai baƙin hannu ma malami ne.

Na shida, rabin kowace ƙungiya su zama ƴan mata, kuma ba a matsayin masu miƙo kaya ba. A jahar da binciken 2012 ya nuna kusan 9 cikin 10 na mata an aurar da su kafin shekara 18, duk abin da zai sa uba ya ga ɗiyarsa a gaban jama'a tana bayanin aikin da ta jagoranta, ya ji a ransa cewa zamanta a makaranta yana da amfani, bai kamata a raina shi ba.

Na bakwai, kantomomin da ke riƙe da kwaminoni tun 2024 su sa ɗan layi a kasafin kuɗi don wannan rana: jigilar kaya, ruwan sha, da kyautar da ta dace, wato mita ta awo, filaya, almakashin ƙarfe da littafin zane. A kafe adadin a bango kowa ya gani. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da na makarantar fasaha ta Dan Kasawa a Maraɗi, musamman ƴan asalin yankunan nan, su zo su yi alƙalanci lokacin hutu. Duk makarantar da aka taɓa ba kayan kimiyya kuwa, a buɗe kabad a lissafa su a gaban iyaye, a sa su a hannun yara.

Daga nan mataki na gaba a buɗe yake. Mutum-mutumi dama mun san shi a gona, tsumma a kan sanda don korar tsuntsaye, kuma jan-baki ba ya daɗewa yake gane cewa ba ya motsi. Yaran da suka iya tsayar da ƙato mai tsawon mutum, baɗi sai a ce su sa masa farfela da iska za ta juya ta ɗaga masa hannu ta kaɗa gwangwani. Ranar da manomi ya zo yana tambayar nawa za a yi masa irinsa, ba wanda zai sake cewa shiririta ce. Waɗanda suka yi fice kuma akwai inda za su dosa: gasar robo ta Afirka da Farfesa Sidy Ndao ɗan Senegal ya kafa a Dakar don ɗaliban nahiyar nan aka yi ta.

Ku tuna, a jahar nan ne manoma suka farfaɗo da itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin kututture ya tofo a gyara shi, har duniya ta zo tana koyo. Ba a shigo da irin icce daga waje ba, abin da ke cikin ƙasa aka daina sarewa. Basirar hannun ɗiyanmu ma haka take, tana tofowa kowace kaka muna sare ta.

Don haka ga roƙona. Uwa ko uban da ya ga motar kara a tsakar gida, kafin ya ɗaga ƙafa ya tsaya ya tambayi yaron yadda ya yi tayar ta juya. Malamin da ke karanta wannan, ya gwada awa biyun nan ko sau ɗaya kafin hutu. Membobinmu na kowace kwamin kuma su kai maganar zaman CGDES na gaba, su dawo mana da sunayen makarantu biyar na farko da suka amince, mu tsayar da rana.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a hannuwansu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.